Ledar Takardun Yusha'u Mai Tsire

Ƙanena Yusha'u ya kai shekara arba'in da shida bai taɓa kwana uku a jere a wajen Makka ba. A unguwar Misfala aka haife shi, a ɗakin da aka haife ni shekara huɗu kafin shi, kuma a bakin layinmu ya kafa tukubarsa ta tsire. Larabawan nan siriya suke ce wa tsire, kuma duk mai cin siriya a unguwar ya san hanyar tukubar Yusha'u. Ni Rakiya ba na yabon mutum don ɗan'uwana ne. Yana da taurin kai irin na babanmu, ga shi ba ya jin magana sai ya ga dama, amma a gashin nama ban ga na biyunsa ba.

Kakanmu ne ya taso daga yamma da ƙafa, ta Chadi da Sudan, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Mu a nan muka buɗe ido, amma haihuwa a Makka ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Fasfon ƙasar da kakanmu ya baro muke riƙe da shi, ƙasar da ba mu taɓa takawa ba, sai kuma iƙama, wato katin izinin zama, wanda ake sabuntawa a ƙarƙashin kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya wa mutum. Matar Yusha'u, Amatullahi, da 'yarsu Basma, duk a kan iƙamarsa suke zaune. Ranar da tasa ta faɗi, tasu ta faɗi, kuma kowa a gidan ya san haka.

Yana da shekara goma sha bakwai aka taɓa tsare shi a hanya ya manta katinsa a gida. Ya wuni a bayan motar 'yan sanda har babanmu ya kai katin. Tun daga ranar bai sake rabuwa da takardunsa ba. Yakan naɗe su a leda, ya cusa a wani aljihu da aka ɗinka masa a cikin singileti, daidai ƙirji. Da shi yake salla, da shi yake tsayawa gaban wuta yana zufa. Na sha yi masa tsiya, na ce ko kabari aka kai shi sai an ɓamɓare ledar nan da ƙarfi. Sai ya ce, "Ki yi dariyarki, Yaya. Ba ke aka saka a mota ba."

Ɗaya halin nasa kuwa shi ne ba ya iya cin abu dabba tana kallonsa. Kyanwowin Misfala duk sun san lokacin da yake gyaran nama, sai ka gan su sun jeru a bayan tukuba kamar masu jiran rabon sadaka. Sau ɗaya a shekara, in zafi ya yi tsanani, yakan kwashe mu mu hau Ɗa'if shan iska, kuma a kan hanyar dutsen nan akwai birai da ke zaune a gefen titi. Mutanen Makka sukan tsaya su jefa musu burodi da ayaba. Yusha'u har leda guda yake cikawa tun daga gida don su. Iyakar abin da ya sani game da namun daji ke nan.

A farkon shekarar 2017 Fahad, ɗan kafilinsa, ya zo tukuba da wata takarda mai hotuna. Wuraren yawon buɗe ido ne na ƙasar Sudan: tsohon garin Sawakin da ke kan tsibiri, da wani wuri a tsakiyar teku da ake kira Sanganeb inda ake nutso a kalli kifaye, da gandun dajin Dindar mai zakuna da ɓauna da jimina. Shi da abokansa shida za su tafi na kwana goma sha biyar, suna son mai yi musu abinci. Fahad ba mugu ba ne, tun yana yaro yake cin tsiren Yusha'u. Amma abin da ya ce shi ne ya tsaya mini a rai. Wai Yusha'u ɗan Afirka ne, zai fi su sanin kan wurin. Mutumin da ko tekun Jidda ba ya yarda ya taɓa masa idon sawu.

Da yamma ya kawo mini takardar yana murmushi. Na ce, "Ba za ka je ba."

"Kwana goma sha biyar ne fa, Yaya. Kuma bizar fita da dawowa ta kwana talatin za a yi mini."

"In wani abu ya tsare ka ka wuce talatin ɗin fa?"

"Me zai tsare ni?"

"Na sani? Ni ce Allah?"

Washegari na ja shi wajen Mukhtaru, mai bin takardu a ofisoshi, wanda ya shekara ashirin yana sabunta mana iƙama. Na ce ya faɗa masa da bakinsa. Mukhtaru ya ce gaskiya ne, duk wanda ya fita da irin wannan biza ranar dawowarsa ta wuce yana waje, to ya manta da shigowa sai bayan shekara uku, in ma an dace. Iyalin da ke kan iƙamarsa kuwa, da zarar ta ƙare sai su tattara. Na ga Yusha'u ya kai hannu ƙirji ya taɓa ledarsa. Na ɗauka ya haƙura, ashe ya riga ya ce wa Fahad to, kuma ɗan kafili ba a ce masa to sannan a dawo a ce a'a. Ban da haka ma, na san shi, hoton jiminar nan ya shiga ransa.

Suka hau jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin. Ni kuma na samo kalanda na rataye a kicin, na zagaye rana ta talatin da jan biro. Alhamis ce.

Kwanakin farko saƙon murya yake turo mini kullum. Daga Sawakin ya ce gidajen da aka gina da duwatsun teku duk sun rushe, ba kowa a ciki sai kyanwowi, manya ƙosassu, kuma sun riga sun saba da shi. Na ce Allah ya shirye ka. Daga Sanganeb muryarsa tana rawa. Ya ce awa biyu suka yi a ƙaramin jirgi ba a ganin ƙasa ta ko'ina, sai wata doguwar hasumiya a tsaye cikin ruwa. Ya kwanta a ƙasan jirgin ya rufe ido yana ta amai, yana karanto duk addu'ar da ya haddace. Samarin suka ɗaura gilashi a fuska suka faɗa ruwa, suka fito suna murnar sun ga manyan kifayen nan masu cin mutum. Shi ko leƙawa bai yi ba, amma ya gasa musu kifi irin gashin tsire har mai jirgin ya nemi ƙari. A ƙarshen saƙon ya ce, "Fahad ya tara fasfon kowa a jaka ɗaya ya kulle a mota. Ya ce in kawo nawa, na ce a'a." Wallahi a lokacin cewa na yi ya kyauta. Da ni ce ma haka zan yi.

Daga nan suka kama hanyar Dindar, tafiyar kwana biyu a mota, can kusa da iyakar Habasha. Ya gaya mini waya ba ta kamawa a dajin. Duk da haka kwana huɗun da suka biyo baya ban yi wani aikin kirki ba. In na ɗora tukunya sai na manta da ita. Amatullahi takan hawo sama wajena da sunan aron albasa, mu zauna kowa yana kallon wayarsa.

A rana ta goma sha uku, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Lambar Fahad ce, ba ta Yusha'u ba. Na kasa danna wayar sai da Amatullahi ta danna mini.

"Hala Rakiya," in ji Fahad da Larabci, wato Inna Rakiya, haka yake kirana, "kada ki tsorata, yana nan da ransa."

"Zaki ne?"

"A'a. Biri ne. Biri ya ɗauke takardunsa."

Da farko dariya ce ta kusa ƙwace mini, Allah ya gani. Sai na ɗaga ido na ga kalanda, na zauna a ƙasan kicin.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda Fahad ya faɗa, Yusha'u kuma ya cika mini daga baya. Ranar da suka sauka a sansanin, ma'aikacin gandun, wani dattijo mai bindiga, ya tara su ya ce kada kowa ya ba birai komai, kuma kada a shiga ciyawa. Yusha'u ya ce to. Amma da ya zo kwashe kwanuka ya ga ragowar burodi, ya ga birai a kan bishiya sun zuba masa ido, sai ya zuba a leda ya zaga bayan tanti ya watsa musu, kamar yadda yake yi a hanyar Ɗa'if. Ya yi da safe, ya yi da yamma, ya sake yi washegari. Kafin kwana biyu biran sun gane cewa mutumin nan da ledarsa abinci ne.

A rana ta goma, bayan ya ba samarin karin kumallo, ya ɗauki bokiti ya zaga bayan wani tamfol don ya yi wanka. Wanka ne kaɗai abin da ke raba shi da ledar nan. Ya zaro ta ya ɗora a kan jarka, nesa da ruwa, inda idonsa zai riƙa ganinta. Yana saɓa sabulu a fuska ya ji ƙarar leda. Ya buɗe ido ɗaya ya ga wani ƙaton gwaggon biri, girmansa ya kai na yaro ɗan shekara shida, riƙe da ita a hannu yana kallonsa. Yusha'u ya ce har magana ya yi masa, ya ce, "Don Allah." Birin ya juya ya shige ciyawa.

Ya bi shi da ɗan zane a kugu, ba takalmi, sabulu a kai. Ciyawar ta fi tsawon mutum. Dattijon yana ta ƙwala masa kira, shi bai ji ba. Ya yi gudu har ya daina ganin birin, ya ci gaba da gudu yana bin ƙarar ciyawa, har ya faɗo bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa. A nan ya ga gawar wata dabba an cinye rabinta, jinin bai bushe ba, ƙudaje sun fara taruwa. Sai ya ji gurnani daga cikin ciyawa ta hannun dama, ƙasa-ƙasa, irin wanda mutum yake ji a cikinsa. Ya ce bai ga komai ba, ciyawa kawai ya ga tana motsi. Ya durƙusa a cikin taɓo, fitsari ya zubo masa. Haka dattijon ya same shi, ya harba bindiga sama, ya kama shi ta hannu ya ja shi baya suna tafiya da baya-baya.

Na tambaye shi daga baya me ya zo masa a rai a lokacin. Ya ce, "Yaya, kunya nake ji in faɗa. Ko kalmar shahada ban tuna ba. Cewa na yi, in abin nan ya cinye ni, wa zai sabunta wa Basma iƙama?"

Kwana biyu ma'aikatan gandun suna bin bishiyoyin da biran ke kwana. Suka samo ledar a yage, da wani ɗan guntun shafi da aka tauna. Fasfo da iƙama babu labari.

Fahad ya kai shi Khartum a rana ta goma sha huɗu, ofishin jakadancin ƙasar da ke jikin fasfonsa. Ba su wulaƙanta shi ba, aikinsu suka yi. Suka tambaye shi garin ubansa, bai sani ba. Suka tambaye shi wani dangi a gida da zai shaide shi, ba shi da ko ɗaya. Aka yi masa magana da harshen aikin ƙasar, ya tsaya yana kallon bakin mutumin. Ya kira ni daga bakin ƙofa, muryarsa ta koma ta ɗan yaro. "Yaya, wai wane gari ne Baba ya fito?"

Ni ma ban sani ba, kuma na ji haushin kaina da na babanmu da na kowa. Shekara hamsin ina zaune ban taɓa tambaya ba. Na yafa mayafi na tafi unguwar Utaibiyya wajen Malam Abdulganiyyu, tsohon da suka shigo ƙasar nan tare da babanmu suna yara. Ya haura tasa'in, hankalinsa yana zuwa yana komawa. Ya ɗauke ni a matsayin mahaifiyata, ya yi ta tambayata ko na sauka lafiya. Na zauna tun hantsi har la'asar, ina zuba masa shayi, ina maido shi kan hanya, zuciyata tana tafasa. Can ya faɗi sunan garin da na mai garin zamaninsu, kamar wanda aka tambaya sunan 'yarsa. Na sa jikarsa ta rubuta mini, na tura.

Ofishin ya karɓa, suka ce sai an bincika a gida, kuma a can ake buga fasfo a aiko. Kwana nawa? Ba wanda zai iya yi masa alkawari.

A rana ta goma sha takwas Fahad ya dawo, don shi ma aikinsa na jiransa. Ya zo har gida ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Na yi niyyar in wanke shi tas, na tanadi maganganu tun kwana biyar, amma da na gan shi sai na kasa. Shi da Mukhtaru suka shiga zirga-zirgar neman a ƙara wa bizar kwanaki. Duk tagar da suka je, abu na farko da ake tambaya shi ne fasfo. Mukhtaru ya daina ɗaga wayata da wuri, daga nan na gane ba a dace ba.

Gidan ya zama abin tsoro. Amatullahi ta daina cin abinci, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta zabura, alhali babu wanda ke neman ta tukuna. Basma shekararta goma sha huɗu, Hausarta ma a karye take, Larabci ne bakinta. Wata rana da safe tana shirin makaranta ta tsaya a gaban kalandar ta ƙirga da yatsa, ta juyo ta ce mini, "In Baba bai dawo ba, ina za a kai mu? A can suna jin Larabci?" Na daka mata tsawa na ce ta wuce ta tafi makaranta, bakinta ya sari ɗanyen kashi. Tana fita na rufe ƙofar kicin na yi kuka har na gode Allah.

A rana ta ashirin da takwas Yusha'u ya ce zai bar Khartum ya koma Sawakin. Fasfo bai zo ba. Abin da ke hannunsa takardar 'yan sanda ce mai cewa takardunsa sun ɓata, da hoton tsohon fasfon a waya. Na ce, "Me za ka je yi? Ba za su bar ka ka hau jirgi ba. Ka zauna kusa da ofishin."

"Zan gwada, Yaya. Zan nuna musu hoton. Zan yi musu magana su ji bakina, duk wanda ya ji Larabcina ya san ni ɗan Makka ne."

"Baki ba takarda ba ne, Yusha'u."

"Na sani."

Ya tafi, kamar yadda ya saba yi da duk maganata.

Ranar Alhamis tun azahar muka taru a ɗakina, ni da Amatullahi da Basma, waya a tsakiya a kan darduma. Ba wanda ya ci komai. La'asar ta yi, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya don kada a bar wayar ita kaɗai. Ana gab da magariba ta yi ƙara. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa da ƙugin jirgi.

Ya ce ya bi layi tun safe har ya kai bakin ƙofa. Jami'in da ke ƙofar ya karanta takardar 'yan sandan har ƙarshe, ya kalli hoton, ya saurare shi, sannan ya ce ko ya bar shi ya hau, a Jidda za a juyo da shi. Ya ba shi ruwa ya sha. Yanzu an rufe ƙofar, yana tsaye a bayan shingen waya yana kallon ana ɗaga gadar jirgin.

Amatullahi ta toshe bakinta da mayafi. Basma ta tashi ta shige banɗaki. Ni na buɗe baki in ce ai na faɗa maka.

Sai aka fara kiran salla a Harami. Daga Misfala ana ji sarai in iska ta juyo. Yusha'u ya ce, "An kira a nan wajenku? Mu nan da saura. Yaya, buɗe taga."

Na buɗe, na miƙa hannu waje da wayar, na riƙe ta har aka gama, hannuna ya yi tsami. Na maido ta kunne. Can ya yi gyaran murya.

"Akwai yajin da na daka kafin in taho, yana cikin babban bokiti a ƙarƙashin tukuba. Ki ce wa Amatullahi ta rabar da shi. Ba zai kai shekara uku ba."

Washegari bayan an sauko Juma'a muka zuba shi a kwalabe, ni da ita, muka bi gidajen layi muna bayarwa. Duk wanda ya tambaye mu yaushe zai dawo, sai mu ce a sa shi a addu'a.